Wa Zai Zauna Tare Da Ni?

Karatu: Ayuba 2:11-13, 1 Sarakuna 19:1-18, Galatiyawa 6:1-5

In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ɗauko shi, a ba wanda idonsa yake gani da kyau ya buɗe mana Littafin Ayuba sura 2, ya sa yatsa a wurin.

Kafin mu shiga karatu, bari in gaya muku abin da ya kawo maganar yau. Wata 'yar'uwa ta aiko mana da wasiƙa. Ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba, amma ta yarda in yi magana a kan abin da ta rubuta. Gwauruwa ce. An kashe mijinta da ɗanta na fari a daren da aka kai wa ƙauyensu hari, yau shekara uku ke nan. Ta ce gidan an sake rufa shi, gona tana nomawa, yaran da suka rage suna zuwa makaranta. Ranar Lahadi tana ɗaura zanen zumuntar mata, tana waƙa, tana kaɗa tulu tare da sauran mata. Amma da dare ba ta barci. In mangwaro ya faɗo a kan kwano, sai ta tarar da kanta a bakin ƙofa da yaro a hannu, tana shirin gudu. Abinci ba ya mata daɗi. Takan daka wa yaranta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta shiga ɗaki ta yi kuka. Duk wanda ta fara gaya wa, sai ya ce ta yi haƙuri, ta bar wa Allah. Ta ce ta bar wa Allah, amma abin bai bar ta ba. Tambayarta ita ce, ko bangaskiyarta ce ta mutu?

'Yar'uwata, in kina ji na yau, amsar farko ita ce a'a. Rauni ne gare ki, kuma raunin yana wurin da ido ba ya gani.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Tun rikicin Kaduna na shekara ta 2000, da na Jos a watan Satumba na 2001, da na Yelwan Shendam a 2004, da Dogo Nahawa a 2010, da shekara ta 2014 lokacin da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok aka kuma kori mutanen Gwoza da Michika da Mubi daga gidajensu, har zuwa jajibirin Kirsimati na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi, gidaje nawa ne a cikinmu suke ɗauke da irin wannan kaya? Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da nasu kaburburan da nasu gwauraye. Kuma ba hari kaɗai yake kawo shi ba. Akwai matar da ta shekara goma ba haihuwa, dangin miji suna yi mata habaici. Akwai uban da ɗansa ya kama tramol, ya sayar da akuyar uwarsa. Akwai wanda bashi ya hana shi ɗaga kai a kasuwa. Dukansu suna zuwa sujada, suna zaune a benci ɗaya, kowa yana tsammani shi kaɗai ne.

Masu ilimin jiki sun bayyana mana abin da yake faruwa. Allah ya sa wani mai gadi a cikin jikin mutum. In hatsari ya zo, sai zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, ƙafa ta yi shirin gudu, barci ya tafi. Wannan alheri ne, shi ne ya fitar da mutane da yawa daga cikin wuta. Amma wani lokaci hatsarin yakan wuce, mai gadin kuwa ya ƙi sauka daga aiki. Shi ya sa ƙarar babur da dare take tsinka wa mutum zuciya bayan shekara uku. Wani kuma nasa yakan zo da sanyin jiki: ba ya son fita, ba ya son magana, abin da yake jin daɗinsa dā ya zama kamar ruwa a baki. Yakan je asibiti ya ce kansa yana zafi, ko wani abu yana tafiya a jikinsa, a auna jini a ce ba zazzaɓi ba taifod. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa. Ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani.

Yanzu mu juya ga Maganar Allah. Ku tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Wannan mutum ne da ya yi addu'a wuta ta sauko a Dutsen Karmel. Ba wanda zai ce ba shi da bangaskiya. Amma da Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura, abin farko da ya yi shi ne ya rabu da mutumin da yake tare da shi. Haka wannan ciwo yake yi, yana janye mutum daga cikin mutane. Me Allah ya yi masa? Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, har sau biyu. Sa'an nan a Dutsen Horeb ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya faɗi kukansa, shi ma har sau biyu, magana ɗaya ba canji. A cikin kukan nan Iliya ya nace cewa shi kaɗai ya rage. Allah ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha, wanda zai riƙa tafiya tare da shi. Abinci, barci, kunne, da abokin tafiya. Abin da Allah ya ba bawansa ke nan.

Ubangijinmu Yesu kansa, a daren da za a bashe shi, bai shiga Getsamani shi kaɗai ba. Markus sura 14 ya nuna mana ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yohanna, ya buɗe baki ya gaya musu irin nauyin da yake ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake kusa da shi. Sun yi barci, gaskiya ne. Amma shi ya roƙa. Ɗan'uwana namiji, kai da kake cewa namiji ba ya faɗin damuwarsa, ka fi Ɗan Allah ƙarfin zuciya ne?

To, mu koma inda muka sa yatsa, Ayuba sura 2. Ayuba ya rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya, ya rasa dukiya, ya rasa lafiyar jiki. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka ji labari, suka shirya tsakaninsu, suka zo. Da suka hango shi ba su gane shi ba. Suka yi kuka, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Mu da muka saba zaman makoki mun san wannan. Ka shimfiɗa tabarma, ka zauna, zamanka shi ne gaisuwarka. A cikin dukan littafin nan mai sura 42, wannan ne wurin da abokan Ayuba suka fi yin daidai.

Kuma zaman ya yi aiki. Bayan kwana bakwai Ayuba ya buɗe baki. Amma abin da ya fito ba waƙar yabo ba ce. A sura 3 ya la'anta ranar da aka haife shi. Nan ne abokan suka kāsa. Kunnensu bai iya ɗaukar irin wannan magana ba, sai Elifaz ya tashi da wa'azi, Bildad ya bi, Zofar ya ƙara. Suna nema su bayyana dalilin wahalar, suka ƙare da cewa lalle akwai zunubin da Ayuba ya ɓoye. Bildad har ya taɓa 'ya'yan da suka mutu, ya nuna kamar laifinsu ne ya ci su. A sura 16 Ayuba ya gaya musu ta'aziyyarsu ƙarin ciwo ce. A sura 42 kuwa Allah da kansa ya yi fushi da Elifaz da abokansa biyu, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda Ayuba ya yi. Ku yi tunani a kan wannan. Wanda ya yi kuka da gunaguni a fili, Allah ya karɓe shi. Waɗanda suka tashi kāre Allah da dogayen jawabai, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Ni ma fasto ne, kuma na sha zama Elifaz. Mutum ya fara faɗa mini ciwonsa, kafin ya kai rabi na riga na buɗe aya. Ayar gaskiya ce, amma na yi amfani da ita in rufe masa baki, domin kukansa ya dame ni.

Abin da nake so in sa a gabanku yau shi ne ikilisiyoyinmu su koyi wannan zama, su mai da shi aiki na kullum. Mutane kaɗan masu ciwo iri ɗaya su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, da wani mai jagora, kowa ya faɗi abin da yake ransa, sauran su saurara. Likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da wannan hanya a asibitoci da ƙauyuka a ƙasashe da yawa, kuma tarihinta ya ratsa ta ƙofar majami'a. A shekara ta 1905, a birnin Boston na ƙasar Amurka, wani likita mai suna Joseph Pratt yana da talakawa masu tarin fuka waɗanda ba su da kuɗin zuwa wurin jinya. A lokacin ba a samo maganin tarin fuka ba tukuna. Wata ikilisiya a birnin, mai suna Emmanuel, ta taimaka masa da kuɗi, ya riƙa tara su kowane mako domin ya koya musu yadda za su kula da kansu a gida. Sai ya lura da abin da bai shirya ba: marasa lafiyan suna samun ƙarfi daga ganin juna. Wanda ya fid da zuciya, in ya ga na kusa da shi ya ƙara ƙiba, sai ya sake ɗaura ɗamara. Tun kafin wannan ma, a shekara ta 1742 a Bristol ta Ingila, mutanen John Wesley sun kasa kansu kashi-kashi, wajen mutum goma sha biyu a kowane kashi, domin tara kuɗin biyan bashin ginin ɗakin sujada. Ba a daɗe ba taron karɓar kuɗi ya zama wurin da kowa yake faɗin halin da ransa yake ciki kowane mako.

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. A nan ƙasarmu, a shekara ta 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sa su zauna a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa zama cikin mutane wani sashi ne na magani. A ƙasar Yuganda kuma, a yankunan Masaka da Rakai inda cutar ƙanjamau ta bar gwauraye da marayu da yawa, an gwada wannan zama na ƙungiya a ƙauyuka 30, aka buga sakamakon a shekara ta 2003. Maza dabam, mata dabam, awa ɗaya da rabi kowane mako har mako 16. Masu jagora ba likitoci ba ne, mutanen yankin ne da aka ba horo na mako biyu. Da aka gama, cikin waɗanda suka yi zaman, waɗanda har yanzu suke da ciwon damuwa mai tsanani ba su kai 7 cikin 100 ba. A ƙauyukan da ba a yi zaman ba kuwa, fiye da rabi suna nan da ciwonsu. A shekara ta 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da wannan hanya, zama takwas, mutum shida zuwa goma.

Me ya sa yake aiki? Ina gani babban dalili shi ne wanda muka gani wurin Iliya. Ciwon yana raɗa wa mutum cewa shi kaɗai ne, ba wanda zai gane, in ya faɗa za a ce ya haukace. Fasto zai iya gaya wa gwauruwar nan sau ɗari cewa ba ita kaɗai ba ce, ta ce to, Baba. Amma ranar da wata mace a gefenta ta ce ita ma takan kwana da takalmi a ƙafa, ranar ce za ta gaskata. Akwai kuma wani abu. Mutumin da ya daɗe ana kawo masa taimako yakan ji kamar ba shi da amfani. A cikin ƙungiya, wanda aka riƙe yau shi ne zai riƙe wani mako mai zuwa. Manzo Bulus ya taɓa wannan a farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, inda ya nuna ta'aziyyar da muka karɓa daga Allah ba a hannunmu za ta tsaya ba.

A Galatiyawa sura 6 akwai ayoyi biyu da suke kamar suna faɗa da juna. Aya 2 tana umartarmu mu taya juna ɗaukar nauyi, aya 5 kuwa tana nuna kowa yana da kayan da shi zai ɗauka. A harshen Helenanci da Bulus ya rubuta, kalmomi biyu ne dabam. Mu mutanen ƙauye ba ma bukatar dogon bayani. Fartanyarka kai za ka saɓa zuwa gona, ba wanda zai ɗaukar maka. Amma in ka gama ɗaura jinka a ƙasa, za ka ɗora ta a kan ɗaki kai kaɗai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun san gonar da ta fi ƙarfin gida ɗaya, suka kira gayya. Ba wanda ya taɓa jin kunyar kiran gayya. Don me za mu ji kunya in abin da ya fi ƙarfinmu a cikin ƙirji yake?

Wani zai ce, ai muna da zumuntar mata, da zumuntar maza, da addu'ar asuba, me kuma ake nema? Waɗannan duka suna da kyau, kada a taɓa su. Amma a taron mutum tamanin, da waƙa da sanarwa da baiko, ina wurin da mace za ta ce jiya ta yi tunanin shan maganin ƙwari? A lokacin shaida kuma, mun saba wanda ya tashi sai ya ƙare da nasara. Wanda labarinsa bai kai ga nasara ba tukuna sai ya zauna shiru.

In dattawan ikilisiyarku sun yarda a fara, ga abin da nake ba da shawara. Kada a wuce mutum goma. A ƙauyukanmu ya fi sauƙi mata su zauna da mata, maza da maza, kuma kada a haɗa suruka da matar ɗanta a wuri ɗaya, ko mai bin bashi da wanda ake bi. A sami ɗaki ko inuwar da masu wucewa ba za su ji ba, a zauna a kewaye, ba bagade ba tebur. A sa rana da lokaci, a riƙe su, domin mai raunin zuciya yana bukatar abin da ba ya canjawa. Mai jagora ba lalle ya zama wanda ya fi kowa iya magana ba. A nemi wanda ya iya yin shiru, wanda ba a taɓa jin maganar wani a bakinsa ba, a kuma aika shi ya sami horo. Ɗarikoki da yawa da ƙungiyoyin fassarar Littafi Mai Tsarki suna shirya bita a kan warkar da raunin zuciya, ku tambayi ofishin gundumarku.

Doka ta fari, wadda in ta karye kome ya rushe, ita ce riƙon asiri. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mun daɗe muna amfani da wannan karin magana mu haɗiye ciwonmu. Bari mu juya ta, mu yi amfani da ita mu riƙe maganar 'yan'uwanmu. Abin da aka faɗa a zaman nan ba ya zuwa rijiya, ba ya zuwa wurin niƙa, ba ya zuwa kan gadon miji da mata. Kuma bari in faɗi wannan a fili: ba ya zuwa taron addu'a. Mun san yadda ake yi. Wata ta tashi ta ce mu tuna da 'yar'uwarmu wance cikin addu'a, gama mijinta ya yi kaza da kaza, kafin a ce amin duk gari ya ji. Gulma ce aka ɗaura mata ɗankwali. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma wadda aka tona ba za ta sake buɗe baki ba har ta mutu. Abu biyu ne kaɗai mai jagora ba zai riƙe ba, kuma ya faɗa tun ranar farko: in wani yana shirin kashe kansa ko wani, ko kuwa ana cutar da yaro. Wannan dole a nemi taimako a ranar.

Ba a tilasta wa kowa magana. Wani zai zo mako uku bai ce kome ba, a bar shi, zamansa ma aiki ne. Ba kuma sai mutum ya zana dukan abin da idonsa ya gani a daren nan ba. Wani lokaci irin wannan bayani yakan tayar wa mai faɗa da masu ji ciwo sabo. Ya isa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, abin da ya hana shi barci, wanda ya yi faɗa da shi, abin da yake so ya gwada kafin zama na gaba. In wata tana kuka, kada a yi saurin cewa ya isa. A miƙa mata ruwa, a jira. Kada a auna ciwo da mudu, a ce ke ɗa ɗaya kika rasa, wance uku. Kada a ba da shawara sai an nema. Maganar gafara kuma za ta zo, gama umarnin Ubangiji ne, amma ba a girbe dawa a watan da aka shuka ta. Yusufu ya gafarta wa 'yan'uwansa, amma ku ƙirga sau nawa ya yi kuka a Littafin Farawa kafin labarin ya ƙare.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Ina yi muku magana da Hausa domin ita ce ta haɗa mu, da ita muke waƙa da karatu. Amma yawancinmu ba da Hausa uwa ta yi mana rarrashi ba. Na ga tsohuwa ta fara labarinta da Hausa tsaf, kamar tana ba da rahoto a gaban majalisar dattawa, da ta iso wurin da yake mata zafi sai harshe ya juya da kansa. A bar shi ya juya. Ko Berom ne, ko Tarok, ko Ngas, ko Bajju, ko Tangale, ko Bura, ko Bachama, ko Eggon, mutum ya yi kuka da harshen da ciwon yake ji. In wani a wurin bai ji ba, na kusa ya fassara masa a hankali daga baya. Allah kuwa ba ya bukatar tafinta.

Za a iya rufe zaman da Zabura da gajeriyar addu'a. Kada a ji tsoron zaburan kuka. Zabura 13 ta fara da tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, ba a ɗaura mata farin ciki a wutsiya ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi domin irin 'yar'uwar nan.

Maza, ina da magana da ku. In aka sanar da irin wannan zama, mata za su zo, ku kuwa za ku ce ba ku da lokaci. Amma kuna da naku zaman, a gidan burkutu da wurin goskolo. Can ma a kewaye ake zama, can ma kowa yana da abin da yake so ya manta, sai dai ana tashi da ciwon da aka zo da shi, an ƙara da na hanta, kuɗin makarantar yara kuma ya tafi. Wanda ya binne maƙwabta goma sha biyu a rami ɗaya da hannunsa, wanda ya gudu ya bar tsohonsa a ɗaki yana jin muryarsa har yau, ba ƙwarya ce za ta ɗauke masa wannan ba. In zama a ɗaki ya yi muku nauyi, ku fara a gonar ikilisiya, ku yi aiki awa ɗaya, ku zauna a inuwa. Fastoci da matansu ma su nemi nasu zaman da 'yan'uwansu ma'aikata, gama su ne suke binne kowa, ba mai tambayarsu yaya suka kwana.

Dole in kuma gaya muku iyakar wannan zama. In mutum yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu, ko ya daina ci da wanka gaba ɗaya, ko mace ta rikice bayan haihuwa, ko wani yana maganar kashe kansa, a kai shi asibiti. Kada a ɗaure shi da sarƙa, kada a yi masa bulala da sunan fitar da aljani, kada a hana shi abinci da sunan azumi. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar wa masu irin wannan ciwo mutuncinsu da hakkinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Ku fara da asibitin da yake kusa da ku, su za su nuna muku gaba. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus ya kira shi haka a Kolosiyawa 4:14. Wanda yake shan maganinsa ya ci gaba da sha, ya kuma zo zaman. In ya dawo daga asibiti, a ajiye masa wurinsa a benci.

'Yar'uwata mai wasiƙa, kin rubuta cewa a daren nan gidaje goma sha ɗaya aka shiga a ƙauyenku. To, akwai wasu mata a zumuntarku da suke kwana ido biyu kamar ke. Kin san su, su ma sun san ki, kuna gaisawa kowace Lahadi kuna cewa lafiya lau. A wannan mako ki je wurin ɗaya daga cikinsu, wadda kika fi yarda da ita, ki gaya mata abin da kika gaya mana. In ta yarda, ku biyu ku je wurin matar fasto ko shugabar zumunta, ku ce kuna so a ba ku ɗakin makarantar Lahadi awa ɗaya a mako. Ki kuma je asibiti ki gaya musu maganar barcin, a auna miki jini.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ga 'yarka, ka san sunanta da sunan mijinta da na ɗanta. Ka ba ta barci a daren yau. Ka buɗe mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a wannan mako, ka ba wadda za ta buɗe kunnen ji da bakin riƙon asiri. Ka gafarta mana lokatan da muka yi wa masu kuka wa'azi domin mu huta da kukansu. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu, za mu yi magana a kan yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, da yadda iyaye da malaman makarantar Lahadi za su gane su. Kafin nan ku karanta Farawa sura 21, daga aya 8 zuwa 21. Sai mun sake saduwa, Ubangiji ya tsare ku.